Komawa bakin aiki bayan shanyewar ɓarin jiki: abin da na gani daga asibiti zuwa ofis

Ni akanta ne a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, shekaruna sun ɗan haura 40. Aikina duk na kai ne: haɗa rasit da abin da ya shiga banki, bin bashin 'yan kasuwa, fitar da albashi, rufe lissafin wata. Bara waccan na samu ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, Allah Ya tashi kafaɗata, yanzu ina bakin aikina. Tun daga lokacin, duk wanda ɗan'uwansa ya samu irin wannan larura sai a ce masa ya neme ni. Tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne: yaushe hannu zai dawo, ina ake gashin ƙashi, nawa ne hoton kai. Ba a cika tambaya ta abin da ya faru da tunanina ba, alhali shi ne ya kusa raba ni da abincina bayan kowa ya gama yi mini barka. Shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki.

Watanni kafin abin ya faru barcina ya lalace. Nakan farka tsakar dare in kasa komawa, da rana kuma kaina ya yi nauyi. Na fara mantuwa irin wadda ban saba ba: in buɗe fayil a kwamfuta in tsaya ina tunanin me na zo nema, ko a faɗa mini adadi a waya in ajiye wayar ya ɓace. Akwai watan da na tura wa wani dila takardar bashi da lissafin wani daban, har aka ba ni takardar tuhuma, ta farko tun da na kama aiki. A gida aka ce gajiya ce. A kemis ɗin unguwa aka haɗa mini maganin ciwon kai da na ƙarin jini, ba a ɗaura mini abin awon jini ba. Wani ɗan'uwa kuma ya ja ni gefe ya ce in tashi tsaye da addu'a, don ofis ba a rasa mahassada. Hawan jini mugun abu ne saboda yawanci ba ya ciwo, yana nan yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido mutum yana harkarsa. Daga baya likita ya ce mini da alama nawa ya daɗe a sama.

Ranar da abin ya zo, bayan sallar la'asar ne, ina zaune ina cike takardar banki sai biro ya suɓuce daga hannuna na dama. Na sa hannu in ɗauka, hannun ya ƙi bin umarni. Na juya in yi wa abokin aikina magana, na san abin da nake son faɗa sarai, amma abin da ya fito daga bakina ba shi ba ne. Shi ya lura bakina ya karkace. Nan fa ofis ya rabu: wani ya ce a kwantar da ni a masallaci in huta, wani ya ɗebo ruwa ya yi tofi, wani ya ce a ba ni asfirin don ya ji ana bai wa masu irin wannan. Direbanmu, dattijo ne da mahaifinsa ya yi irin wannan jinya, ya ce, “Ku bar komai, ku kama mini shi mu sa a mota.” Allah Ya saka masa da alheri. Alamomin da ya gani su ne waɗanda ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace: karkacewar fuska, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya, da rikicewar magana. In an ga ko ɗaya daga ciki ta zo kwatsam, a duba agogo a riƙe lokacin, a nufi asibiti. Kada a ba mutum ruwa ko abinci ko ƙwaya, domin maƙogwaronsa zai iya kasa haɗiya ya sarƙe, kuma asfirin yana ƙara ɓarna idan jijiya ce ta fashe ba toshewa ta yi ba.

Aka fara kai ni ƙaramin asibitin kuɗi da kamfaninmu ke da rajistar inshorar lafiya a can. Nas ta auna jinina, ya haura 190 a sama. Ta soki yatsana ta duba suga, saboda faɗuwar suga takan kawo alamomi irin na shanyewar jiki, nawa lafiya ƙalau. Likitan ya ce ana bukatar hoton kai na CT, su kuma ba su da na'urar. Ya rubuta takardar tura ni asibitin koyarwa, amma aka ce sai an jira kamfanin inshora ya turo lambar izini, in ba haka ba ba za su biya ba. Muka zauna ana buga waya ba a ɗauka, magariba ta yi. Yayana da ya iso ya ce a bar zancen lamba, mu tafi, kuɗi a neme su daga baya. Da za a tambaye ni yau, zan ce mai irin waɗannan alamomi a wuce da shi kai tsaye babban asibitin da aka san yana da na'urar CT mai aiki, a bar maganar inshora ga wani ya bi ta a waya.

A sashen gaggawa na asibitin koyarwa abu na farko kati ne. Mutum ɗaya ya tsaya tare da ni, ɗaya ya tafi layin buɗe fayil, daga can layin biyan kuɗi, ya dawo da rasit. Mutum guda ba zai iya wannan zirga-zirga ba, a zo da aƙalla biyu, da waya mai caji da katin cirar kuɗi. Babu gado da farko, a kan keken marasa lafiya aka duba ni. Tambayar da likitan ya fi nanatawa ita ce, “Ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya?” Abokin aikina ya riƙe lokacin, ya faɗa. Dalilin tambayar shi ne akwai allurar narkar da gudan jini da ke aiki cikin awa 4 da rabi daga farawar alamomi. Ba kowane asibiti ke da ita ba, tana da tsada, mu kuma lokacin ya riga ya wuce mana. Kuɗin hoton CT kaɗai ya kusa cinye rabin albashina, aka biya kafin a ɗauka. Hoton ya nuna babu zubar jini, wato toshewa ce a wata ƙaramar jijiya ta ɓangaren hagu, kuma ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya gefen dama na jiki, a wurin mafi yawan mutane shi ke riƙe da magana ma. Sai bayan hoton aka fara ba ni asfirin, shi ma sai da nas ta gwada ni da cokalin ruwa ta ga ina haɗiya. Yayana ya damu ƙwarai ganin ba a yi gaggawar sauko da jinin ba, har ya ɗaga murya. Likitan ya zaunar da shi ya ce, “Alhaji, da gangan ne. A kwanakin farko ba a sauke shi farat ɗaya, don wurin da ya samu rauni yana bukatar jini ya isa gare shi.”

Na yi 'yan kwanaki a kwance. Kowace safiya akwai sabuwar takardar gwaji: ƙoda, kitsen jini, suga na watanni uku baya, awon bugun zuciya, hoton zuciya, hoton jijiyoyin wuya. Duk neman inda gudan jinin ya taso ake yi, don kada ya sake dawowa. Kowane gwaji da layinsa da rasit ɗinsa, wasu sakamakon kuma sai an je an karɓo da ƙafa. Maiɗakina ta sayi jakar leda mai zif ta riƙa zuba kowace takarda a ciki, har da 'yan ƙananan rasit na kantin magani, kuma wannan jaka ta yi mana rana daga baya. Babban likita yakan zagayo da tawagarsa da safe, mintoci kaɗan yake yi a kan kowane gado, saboda haka duk tambayar da ke gare ku ku rubuta ta tun da dare. Da aka sallame ni maganata ta dawo sai ɗan nauyin harshe, hannun yana ɗagawa amma ba ya riƙe biro da kyau. Aka rubuta mini maganin hawan jini kala biyu, da na kitse, da asfirin, aka hana ni tuƙi sai an sake duba ni, aka ba ni ranar dawowa wajen likitan jijiyoyi da takardar zuwa sashen gashi. Kafin ku fita, ku tabbatar kun karɓi takardar sallama mai bayanin jinyar da kuma faifai ko fim na hoton CT.

Zaman gida ya zo da nasa. 'Yan dubiya daga safe har dare, kowa da maganin da ya zo da shi, daga mai man shafawa sai mai jiƙo. Na karɓi addu'ar kowa da hannu biyu, ban fasa nawa azkar ba, amma jiƙe-jiƙen na ajiye su, don likita ya ce ƙodata ta riga ta ɗan taɓu. Girki ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali, kuma dunƙulen miya da yajin tsire da kanwa duk suna cikin lissafin. A sashen gashi aka koya mini matsa ƙwallo, ɗaukar wake ɗaya-ɗaya, sa maɓallin riga, rubuta sunana layi-layi. Cikin makonni hannun ya dawo kusan yadda yake. Wanda ya gan ni a masallaci ba zai ce na yi ciwo ba.

Ta ɓangaren ofis, an nemi takardar hutun rashin lafiya, na kawo wadda aka ba ni a asibiti. A nan na fara sanin dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi kwana 12 ne kacal na aiki a shekara da za a biya ma'aikaci yana jinya, in likita mai rajista ya tabbatar. Ita ma dokar ba ta shafi masu muƙaman gudanarwa da na ƙwararru ba, irinmu sai abin da takardar ɗaukar aiki ta ce. Ku nemo taku ku karanta tun kuna da lafiya. Mai kamfaninmu ya yi mini kara, ya ci gaba da biya na, amma ƙarshen wata na matsowa waya ta fara yawa. Ni ma na gaji da zaman, ga kuɗi na fita ba sa shigowa. Na koma.

Makon farko na gane akwai abin da ya canza. Da safe ina iya aiki kusan kamar da, amma kafin azahar sai wata irin gajiya ta rufe ni wadda ba ta yi kama da ta jiki ba, ba kuma barci take nema ba, tunanin ne kawai yake tsayawa. In mutum biyu suna magana a kaina lokaci guda ba na fahimtar ko ɗaya. Ƙarar janareta da ta lebura masu sauke kaya, da na shekara ina aiki a cikinta, ta koma tana hana ni haɗa lamba biyu. Ina juya lambobi, 63 ta koma 36. Sunan dilan da na sani shekara da shekaru sai ya maƙale mini a harshe yana tsaye a gabana. Aikin awa ɗaya ya koma na yini. Ga saurin fushi, ni da aka sani da sanyin hali na yi wa yaron ofis tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai ranar da na kulle kaina a banɗaki hawaye na zuba ba tare da wani dalili da zan iya faɗa ba. In na dawo gida ba na son hayaniyar yara, ba na son fita majalisa, abincin ma ba ya mini daɗi.

Abin da ya fi ciwo shi ne babu mai ganin wannan. Mai kamfani ya kira ni ya ce, “Malam, ai ka warke, ga ka nan garau. To mene ne kuma? Ko zuciyarka ta bar aikin nan ne ka faɗa mini.” Na ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ba haka ba ne,” na kasa ƙara komai, don ni kaina ban san sunan abin da ke damuna ba. Aka ɗauke rufe lissafin wata daga hannuna aka bai wa wanda ni na koya wa aiki. Muƙamin shugaban sashe da aka daɗe ana raɗe-raɗin nawa ne, ya tafi wurin wani. Ban ga laifin mai kamfani gaba ɗaya ba, kasuwanci yake yi, abin da idonsa ya nuna masa kuma shi ne lafiyayyen mutum da ya daina mai da hankali. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar ganin likitan jijiyoyi na isa tun bayan asuba, don ana karɓar kati da sassafe kuma adadin da za a gani yana da iyaka. Aka nemo fayil, aka auna jini, aka zauna. Sai wajen azahar aka kira ni. Likitan ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya sa na yi tafiya, ya duba awon jinin da nake rubutawa a gida, ya ce madalla, ya jawo takardar magani zai rubuta. Maiɗakina ce ta ce, “Likita, a yi haƙuri, hannun ya warke amma mutumin bai dawo ba.” Ya ajiye biro ya ce in faɗa masa komai. Da na gama ya ce abin da nake bayani sananne ne ga waɗanda suka yi wannan ciwo ko da ƙarami ne, sai dai marasa lafiya ba sa faɗa, layi kuma ba ya barin likita ya tona. Ya sa wata ƙaramar likita ta yi mini gwajin tunani mai maki 30 da ake kira MoCA, ba a biya ko kwabo ba, bai kuma wuce kwata na awa ba. Ta ce in zana agogo in sa shi ƙarfe 11 da minti 10, in kwafi zanen akwati, in faɗi sunan dabbobin da ke hoto, zaki da karkanda da raƙumi. Ta faɗi kalmomi biyar ta ce in riƙe za ta tambaye ni an jima. Sannan ta ce in riƙa cire 7 daga 100. Na ce 93, na ce 86, sai na tsaya. Ni da na ci abinci da lissafi rabin rayuwata. Cikin kalmomin nan biyar ma kaɗan na iya dawo da su. Ana ɗaukar maki 26 zuwa sama a matsayin lafiya, nawa bai kai ba. Na ji baƙin ciki, amma tare da shi na ji wani sauƙi, domin a karon farko abin da nake ji ya fito a takarda, ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba.

Daga nan ya ce zai tura ni sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, saboda yana zargin ciwon damuwa ya hau kan raunin. A nan mutane ke rikicewa, don likitoci biyu ne daban. Na farko, irin wanda ya tura ni, yana kula da jijiyoyi da abin da ya taɓa naman ƙwaƙwalwa, kamar shanyewar jiki da farfaɗiya. Na biyu yana kula da yanayin rai da tunani da barci da ɗabi'a. Mai irin ciwona yakan bukaci duka biyun. A gida aka yi ta ja. Mahaifiyata ta ce, “Kai da hankalinka me zai kai ka can? In aka gan ka fa?” A Kano da an ambaci irin wannan sashe tunanin mutane Dawanau yake tafiya, a Kaduna Barnawa, a Sakkwato Kware, kamar duk mai shiga can sai wanda aka ɗaure. Na ce mata, “Hajiya, likitan da ya duba ni ne ya tura ni, ki sa mini albarka kawai.” Abin da na tarar a layin ya ba ni mamaki: malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure masu goyo, ɗalibai, kowa a nutse yana jiran a kira shi.

Ganin farko ya ɗauki lokaci fiye da kowane ganin likita da na taɓa yi. Likitar ta tambayi barci, ci, sha'awar abubuwa, zaman iyali, bashi, ko na taɓa jin gara in mutu. Aka cike wata takarda mai tambaya 9 kan yadda na ji cikin mako biyu da suka wuce. Ta kuma tambayi maiɗakina ko ina minshari har numfashina ya riƙa ɗaukewa, don wannan ma yana ta da hawan jini yana kuma dusashe tunani da rana. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi shanyewar jiki suna samunsa. Shi kansa yana rage mai da hankali da riƙe abu, saboda haka wani kaso na mantuwar tawa mai magani ne. Ta rubuta ƙwaya ɗaya a rana, ta gargaɗe ni cewa sai ta yi mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin in ji canji, kada in daina don na ga shiru, kada kuma in yanke ta rana ɗaya don na ji sauƙi. Kwanakin farko na yi tashin zuciya, ya wuce. Kuɗin ƙwayar bai kai na maganin hawan jini ba. Ta haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam na sashen, wanda ya koya mini dabarun aiki da kan da nake da shi yanzu: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, mai nauyi da safe, hutu kafin gajiya ta zo ba bayan ta zo ba, rubuta komai nan take, karanta lamba da ƙarfi kafin in shigar da ita.

Shi ne kuma ya ba ni shawarar da ta ceci aikina, wato in nemi cikakken rahoton likita, ba takardar hutu kawai ba. Ga yadda ake yi a inda na je: ka rubuta takardar nema zuwa ga shugabancin asibiti ka faɗi wanda za a aika wa, ka biya kuɗin rahoto ka haɗa rasit, a nemo fayil a kai wa babban likitan da ke duba ka, ya rubuta, a buga, ya sa hannu, a buga hatimi. Nawa ya ɗauki makonni, sai da na riƙa leƙawa, akwai lokacin da fayil ɗin ya kwana a wani sashe ba wanda ya san yana can. Muhimmin abu shi ne ka zauna da likitan kafin ya rubuta. Na roƙe shi kada ya tsaya a “ya samu sauƙi, zai iya komawa aiki”, ya faɗi abin da zan iya da sharuɗɗan da nake bukata. Ya rubuta cewa ina da raunin mai da hankali da saurin gajiyar tunani da ake sa ran za su ragu, ya ba da shawarar rabin yini na wani lokaci, wuri marar hayaniya, da wanda zai riƙa bin lissafina kafin a rufe. Maganar ciwon damuwa na ce a bar ta tsakanina da likitocina, aka bar ta. Sirrinka ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan larura bambanci har a wurin aiki. Ban je ofis da niyyar shari'a ba, amma sanin haka ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Na nemi ganin mai kamfani shi kaɗai, na tafi da yayana saboda suna mutunci. Ya karanta rahoton a hankali, ya cire tabarau ya ce, “Subhanallahi. Malam, me ya sa ba a faɗa mini haka tun farko ba?” Muka yi yarjejeniya: in zo da safe in tashi bayan azahar, a mai da teburina ɗakin baya nesa da janareta, a riƙa turo mini umarni a rubuce ta WhatsApp maimakon a tsaya a kaina, albashi kuma a rage wani abu har in koma cikakken yini. Ragin ya yi mini zafi, na karɓa. Bayan wasu watanni aka sake gwajin nan mai maki 30, na haye. Rufe lissafin wata ya dawo hannuna. Muƙamin da ya wuce bai dawo ba, har yanzu kuma in na kwana ban yi barci sosai ba washegari sai na gani a aikina. Kamfanin inshora ya mayar mana da wani kaso na abin da muka kashe, shi ma don kowane rasit yana cikin jakar nan, ga kwafin takardar turawa ta asibitin farko.

Abin da nake faɗa wa masu nemana yanzu bai wuce abin da na gani ba. In ma'aikacin da aka sani da ƙwazo ya fara mantuwa da kurakurai da saurin fushi, kafin a rubuta masa takardar tuhuma a sa a auna jininsa da sugansa, a tambaye shi barcinsa. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, in ya maimaitu, na ganin likita ne ko mutum ba ya jin komai. Wanda ya yi shanyewar jiki kuma, kada ƙafa da hannu su zama ma'aunin komawa aiki. Ya buɗe baki ya ce a gwada masa tunani, ya tafi da wanda ke zaune da shi, don shi ne ke ganin canjin da mai ciwon ba zai iya faɗa ba. Masu kamfanoni su ma su san asarar tasu ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana rasa kwanakin aiki biliyan 12 duk shekara a duniya saboda ciwon damuwa da fargaba, kuma horar da sabon akanta ya fi canza wa tsoho tebur tsada.

Maganin hawan jini ba a ajiye shi don awo ya sauko, saukowar aikin maganin ce. In wani ya kumbura maka ƙafa ko ya sa ka busasshen tari, kamar yadda ɗaya daga cikin nawa ya yi, ka koma a canza maka, akwai kala-kala. Kafin azumi kuma a je a ga likita tun cikin Sha'aban. Shekarar farko ya ce in ajiye in rama daga baya, ta biyu ya mai da mini ƙwayoyin zuwa sahur da buɗa-baki, na yi azumina ina zuwa aiki. A ofishinmu yanzu akwai na'urar awon jini a teburin mai karɓar baƙi, mai kamfani ne ya saya, duk ranar Litinin ana aunawa har da direbobi da lebura, kuma tuni aka tura wasu asibiti waɗanda ba su taɓa sanin jininsu ya hau ba.